Ƙaurar Sunan Serafina

Torino, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Gerardina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Canio da yara duka. Yaya gwiwar Mama? Tana shan maganin kuwa, ko har yanzu a bayan hoton marigayi Baba take ajiye shi, tana cewa Allah ya san da zamanta? Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da ciwon ƙugu, wanda babu direban bas da ya tsira daga gare shi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa, kuma ta shagon Canio. Maganar ba ta waya ba ce. Kin san Mama, in ba ta ga dama ba ko ƙararrawar coci ba ta ji, amma da wayarki ta yi motsi daga bayan katanga sai ki gan ta a ƙofarki da ludayi a hannu.

Makon jiya na je ofishin ƙungiyarmu ta ma'aikata, inda ake cike mana takardun harajin shekara. Wani Osvaldo ne ya karɓe ni, mai sanƙo, mai haƙurin tsiya. Yana cikin duba takarduna sai ya tambaye ni ko gidan da nake ciki nawa ne ko na haya. Na ce masa da nawa ne, ai da bai gan ni da wannan takalmin ba. Ya ce to me ya hana ni saka maganar haya duk shekarun nan, alhali ana rage wa ɗan haya haraji muddin yarjejeniyar hayarsa tana da rajista a hukuma. Tawa kuwa tana da rajista, don mai gidana ko tari ba ta yi sai da takarda. Ragin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma zai saya mini katifa ta mutunci, kuma na riga na fara kwanciya a kanta a zuciyata.

Ana cikin haka ya ɗaga katin shaidata ya kawar da tabarau. Ya ce, "'Yar'uwa, nan an rubuta cewa a Castelvaro kike zaune. Kullum daga kudu kike tasowa ki ja bas ɗin asuba?" Na ce e, ai ni mai sammako ce. Bai yi dariya ba. Mutanen arewa ba sa dariya kafin abincin rana. Ya ce ragin na gidan da mutum yake zaune a ciki ne, shi kuma ba zai sa hannu ba sai sunana ya taso ya tarar da ni. Wai rabin 'yan kudun da ke zama a kujerar nan cutarsu ɗaya, gangar jiki a Torino, suna a gidan uwa. Na bana dai ya wuce, amma in na mayar da sunana nan yanzu, baɗi zan samu.

To ke kin san inda gizo ke saƙar. Tun da Baba ya rasu, ke kuma kika yi aure, sunaye biyu suka rage a rajistar gidanmu, na Mama da nawa. Shekara huɗu ina nan, amma har gobe in an tambaye ta sai ta ce Serafina ta je ta ɗan taya su aiki ne, kamar motocin garin nan za su ƙare wata rana in dawo. Harajin shara ma na mutum biyu take biya, kuma da alfahari take biyansa. Kin tuna da Donato ɗan Inna Lucia ya mayar da sunansa Milano, abin da Mama ta ce? Wai an yi jana'iza ba gawa.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba zan dawo zama ba, Yaya. Ina son garin nan, ina son aikina, har sanyinsa na saba da shi. Ina jin kunyar wannan so, kamar na ci amanar wani, amma gaskiya ke nan. Na riga na miƙa takardar ƙaura a ƙaramar hukuma. Abin da nake roƙonki shi ne ki bugi cikin Mama a hankali, ranar da ta tashi da fara'a, kafin labarin ya iso mata ta bakin wani. Ba na so ta ji kamar na bar ta ita kaɗai a takarda.

Ki gaishe da Canio, ki ce masa man zaitun ɗin ya kusa ƙarewa. Ki sumbatar mini yara.

Taki ƙanwa,
Serafina

Torino, 20 ga Mayu

Yayata Gerardina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na samu amsarki, kuma ban ga laifinki ba. Ina za ki samu ranar da Mama ta tashi da fara'a cikin mako biyu? Ni ce na manta cewa in ofishin nan ya karɓi suna, sai ya sanar da ofishin can, kuma mai riƙe da rajistar Castelvaro mijin Assunta ne, uwar gulmar garinmu. Abin da Assunta ta ji da daddare kuwa, da safe yana layin burodi.

Mama ta kira ni ranar, ina hutun rana. Ba gaisuwa ba komai, ta ce, "An ce kin fita daga gidana." Na fara yi mata bayanin haraji da haya da katifa. Ta saurara har na gama, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta ce, "Ashe katifa ce. Da kin faɗa ai da na aiko miki da tawa." Ta ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ta kashe wayar. Ranar nan na wuce tasha biyu ban tsaya ba, sai da wata mata ta buga mini gilashi da lemarta. Zuciyata ta ɓaci ƙwarai, don da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ashe kuma maganar ba ta ƙare da miƙa takarda ba. Sai ɗan dokan ƙaramar hukuma ya zo da ƙafarsa ya tabbatar cewa da gaske a gidan nake kwana. Ba ya sa rana, ba ya kira, yana iya zuwa yau, yana iya zuwa bayan wata guda. In ya yi ta zuwa bai samu kowa ba, ko aka shaida masa cewa ba nan nake ba, ana iya soke ƙaurar, sunana ya koma inda ya fito. Ni kuma aikina ba na zama ba ne, wani makon asuba, wani makon yamma. Na roƙi maƙwabciyata, Sinyora Gribaudo, ta sa mini ido. Tsohuwa ce 'yar asalin garin nan, siririya, mijinta ya rasu, ba ta da aikin da ya wuce leƙen matakala ta ramin ƙofa. Ta ce in kwantar da hankalina, ko ƙuda ya hau benen nan sai ta san wurin wa ya zo.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Bayan kwanaki tana gaba da ni, jiya Mama ta kira da wata murya mai zaƙi. Ta tambayi ƙuguna, ta tambayi ko ina cin abinci, sannan ta gangaro kan ɗan doka. Wai yaushe yake zuwa? Wa yake tambaya? In ya tarar da wani a gidan, yana karɓar maganarsa? Ni kuma da wautata na amsa mata duka, saboda daɗin ta sake kulani. Sai da na ajiye wayar na tuna cewa ruwa ba ya tsami banza. Wa ya gaya mata akwai wani ɗan doka tun farko? Ki sa mata ido, don Allah, ki gaya mini in kin ga ta sauko da akwati daga kan kabad.

Gaisuwa ga kowa da kowa, ban da Assunta.

Taki,
Serafina

Torino, 2 ga Yuni

Yaya Gerardina,

Ina gaishe ki, amma gaisuwar yau ba ta da mai. Ina fata kuna lafiya, don ina so in same ki da ƙarfinki ranar da za mu yi wannan shari'ar. Na ce ki gaya mini in kin ga akwati. Ke kuwa har tasha kika raka ta, Canio ya ɗora mata kaya, kuka koma gida kuka ci abincinku. Sai ɗan saƙo da asuba wai in je in tarbi motar da ta taso daga Potenza.

Ta sauko da kwalaye shida da jaka. Busasshen tattasai, tumatirin kwalba, cuku, taliya murjin hannu, burodin da ya kai tayar babur. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa kasuwa, ta kwana zaune a mota ta sauko tana ba direban umarni. Na rungume ta, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin ganinta har idona ya kawo ruwa. Muna shiga gida ta duba ko'ina, ta shafa saman firji da yatsa, ta zauna. Ta ce, "Ba yawo na zo ba. Na zo in jira mutumin nan in faɗa masa gaskiya. Ke 'yar Castelvaro ce, nan masauki ne." Na ce Mama, in kika faɗa masa haka ai kin rusa komai. Ta ce ai ba ƙarya za ta yi ba, ita da ke karɓar jibin Ubangiji a coci duk Lahadi.

Tun ranar ta jawo kujera kusa da ƙofa, a nan take gyaran wake, a nan take jan carbi. Kwalayen ma ta hana a kwashe su daga hanya, wai wanda ba zama ya zo yi ba ba ya baje kaya. Tana da jawabi da ta shirya, ina jin ta tana maimaita shi a banɗaki, akwai kakanmu a ciki, akwai kabarin Baba, har da itacen ɓauren bayan gida. Na yi musayar lokacin aiki da abokai har na cinye duk alfarmar da nake da ita, don dai ya zo ya same ni. Bai zo ba. Na yi tunanin in lalata ƙararrawar ƙofa, sai na tuna rashin samun kowa ma wata matsalar ce. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Ita da Sinyora Gribaudo kuwa, ranar farko suka yi faɗa a kan girki. Gribaudo ta ce da man shanu ake soya albasa, Mama ta ce shi ya sa fuskokin 'yan garin nan suke kamar an wanke su an manta ba a shanya ba. Kashegari na dawo na tarar da su suna shan kofi, kowace tana ba da labarin mijinta ba tare da sauraron ɗayar ba. Yanzu ban san ɓangaren wa tsohuwar take ba.

Ranar Lahadi, da yake ta tabbata ma'aikatan hukuma ba sa fita, Mama ta ce za ta ga aikin nan da ya cinye mata 'ya. Ta zauna a kujerar bayan direba daga farkon layi har ƙarshensa, ta dawo, ta sake komawa. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa, "'Yata ce ke ja, ka riƙe ƙarfe da kyau." Wani ya yi gunaguni wai na makara, ta juya ta tambaye shi ko shi ya taɓa jan abin da ya fi keken cefane. Da na shiga wata kwana mai matsi ba tare da na taɓa komai ba, na hango ta a madubi tana gyaɗa kai. Da muka sauka na tambaye ta yaya ta gani. Ta ce kujerar ba ta da kyau, shi ya sa ƙuguna yake ciwo.

Daga gobe na koma aikin safe na mako biyu cur, ba makawa. Gida zai rage daga ita sai ƙofa. Na roƙe ta, na yi fushi, na yi shiru, duk ba ta motsa ba. Ina tsoro, Yaya, kuma ba don katifar ba. In ta kore shi, dole in sake miƙa takarda, in sake yi mata wannan ciwon daga farko, ko kuma in haƙura in zauna ina baƙuwa a gidan da nake biya wa haya.

Ki yi mini addu'a, ko da yake ban san wadda za ki yi ba, tawa ko tata. Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki da kika sayar,
Serafina

Torino, 15 ga Yuni

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, wannan karon da mai a cikinta. Ina fata kuna lafiya, kuma Mama ta iso muku lafiya. Na san ba za ta ba ki labarin yadda aka yi ba, za ta ce dai garin ba rana, ruwansu ba daɗi. To ga shi daga bakin Sinyora Gribaudo, wadda ta ga komai, kuma ta maimaita mini har sau uku ba ta canza ko kalma ba.

Ranar Talata da hantsi ya zo, ina can ina fama da cunkoso. Wani magidanci ne mai furfura, ya hau bene huɗu yana haki, da alama gidanmu ne na goma a ranar. Mama ta buɗe, Gribaudo ma ta buɗe tata ƙofar wai za ta shayar da fure. Ya ce, "Serafina Telesca a nan take zaune?" Mama ta gyara mayafi ta ce, "Ni ce uwarta." Ya ce, "Sannu, Mama, amma ba shi na tambaya ba." Ta ja numfashi za ta fara daga kan kakanmu.

Shi kuwa idonsa ya riga ya wuce ta, ya sauka a kan kwalayen da ta hana a kwashe, da jakarta a jingine. Ya juya wajen Gribaudo, irin ta ɗan gari da 'yar gari, ya ce, "Kin gani ko? Kullum haka nake tararwa. A kama ɗaki don ragin haraji ko izinin ajiye mota, a jibge kwali biyu, a ajiye wata tsohuwa ta buɗe ƙofa. Gidan da mutum ke zaune a ciki ai ba ya ɓuya." Ya fara zare alƙalami.

Gribaudo ta ce ba ta taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Mama ta kama hannun rigarsa, da kayan sarki da komai, ta jawo shi ciki. Ta ce, "'Yar tawa ce maƙaryaciya? Zo nan, ɗan nan." Ta kai shi kicin ta nuna masa gindin tukunya, ta tambaye shi ko aljanu ne suka ƙona shi. Ta buɗe kabad ta nuna masa rigunan aikina a goge. Ta kai shi ɗaki ta sa shi ya danna katifar da hannunsa ya ji ramin da na yi mata. Ta nuna masa ganyen miyar da na shuka a baranda, ta ce wanda ba ya kwana a gida ba ya raya wannan. Ta ce, "Tun kana minshari yarinyar nan take tashi ta kai irinku wurin aiki. Shekara huɗu tana hawan benen da ya kusa kashe ka yau. Mai burodi ya san ta, wannan tsohuwar ta san ta. Nan take kwana, nan take tashi, nan ne gidanta. Rubuta."

Ya rubuta. Har haƙuri ya ba ta. Ba ta sake shi ba sai da ta soya masa tattasai ya ci a tsaye, ta kuma cusa masa cuku a jaka. Gribaudo ta ce bayan ya sauka, Mama ta daɗe a tsakiyar ɗaki da cokali a hannu, sannan ta ɗauke kujerar daga bakin ƙofa ta mayar da ita wurin teburi.

Da na dawo da la'asar na tarar an kwashe kwalayen, komai ya shiga mazauninsa. Ta ce, "Mutuminki ya zo." Na ce me kika ce masa? Ta ce, "Ya tambaye ni, na gaya masa. Wanke hannu ki ci abinci." Ban san wace gaskiyar ta faɗa ba sai da na tsallaka wurin Gribaudo. Na dawo na rungume ta ta baya tana tsaye a bakin murhu, ta ce in sake ta kar miya ta kama. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Osvaldo ya ce baɗi in zo da yarjejeniyar hayar, sauran aikinsa ne.

A tasha, ana ɗora jakarta, ta tambaye ni ko zan zo bikin waliyyin garinmu a watan Agusta. Na ce ai ban taɓa fashi ba. Ta ce, "To madalla. Zan fito da farantan nan masu bakin zinariya, in shimfiɗa miki zanen gadon da nake ajiye wa baƙi. Kuma kar in ga hannunki a wanke-wanke, baƙo ba ya shiga kicin ɗina." Tana murmushi ta faɗa, ba da gatse ba, har ta gyara mini wuyan riga. Na yi dariya, na yi ta ɗaga mata hannu har motar ta fita. Daga nan na zauna a kan benci na yi kuka kamar yarinya, a gaban direbobin da suka san ni. Duk tsawon watan nan tunanina yana kan yadda za ta ji in sunana ya bar gidan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda ni zan ji ba.

Don haka ga aikin da zan ba ki, kuma wannan karon kar ki ba ni kunya. Kafin Agusta ki shiga gidan ki kwashe farantan nan ki kai su gidanki, ki ce aro kika yi. Ranar da zan iso kuma ku ci abincin rana ku bar komai yadda yake, har tukunyar da ta fi kamawa. Ni zan wanke.

Ki gaishe da Canio da yara, ki duba mini Mama da yamma ko da ta ce ba ta buƙata. Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Serafina